Asabarin Disket na Wankan 'Yar Autata

Mutanen majalisarmu ta Yakasai sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa disket ba zai sake amfanar kowa ba har abada. Limamin lungunmu ya faɗi haka cikin tausasawa. Abokina, tsohon ɗan kasuwar Kurmi, ya faɗa yana dariya har hularsa ta karkace, ya ƙara da cewa, "Alhaji, ka kai su gidan tarihi mana. Wataƙila ma su riƙe ka tare da su." Shekaru sun shuɗe, amma abin da ya biyo bayan wannan magana ba zai taɓa fita daga raina ba.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, disket faifai ne na kwamfuta mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, jikinsa roba ce. Na fara aikin gwamnati da tafireta, na gama ina shugabantar masu buga takardu a ofishinmu. Lokacin da aka sauya na'urori, aka tara tsofaffin faya-fayan za a ƙone, sai na roƙa aka goge abin da ke cikinsu aka ba ni. Babu abin da ya rage a jikinsu sai 'yar takardar da ke manne da kowanne, ɗauke da rubutun hannuna, irin rubutun da malamanmu na elementare suka koya mana da bulala. Na jera su a kwalaye bisa tsarin shekaru, na ajiye a ƙaramin ɗakin da ke kusa da na maiɗakina.

Suna nan har 'yar autata ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Washegarin zuwanta maiɗakin tawa, Hajiya, ta same ni a zaure.

"Malam, ɗakin nan fa na mai jego ne. Ko ka fitar da kwalayenka, ko in kira 'yan jari-bola."

Na ce mata, "Hajiya, wannan fa shi ne shaidar aikina."

Ta ce, "To shaidar taka gara ce kaɗai ke zuwa duba ta."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai a lokacin na ji kamar ni ake shirin ɗorawa a baron 'yan jari-bola.

Akwai kuma wata damuwa da ke ran Hajiya. Maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagarsa kuma tana kallon lungun bayan ɗaki inda ake dafa ruwa a yi wankan jego. Dole a tsare wurin. Ta yi niyyar rataya tabarma, ko da yake tana ƙorafin cewa tururi zai ruɓar da ita kafin a yi arba'in. A nan ne na miƙe da maganar da ta kai ni bakin 'yan majalisa. Na ce ni zan yi mata asabari da disket, tunda roba ba ta ruɓewa. Ta dube ni ta saman tabaranta ta ce ta ji, amma idan haihuwa ta zo ban gama ba, kwalayen sun tafi.

Na sayo gora doguwa da zare mai ƙarfi irin na ɗinkin takalma. Akwai ɗan huji a kusurwoyin disket, sai na riƙa zura zare biyu ta cikinsu ina ƙullewa, kowanne yana ɗan hawa kan na ƙasa da shi kamar ɓawon kifi. A nan halin ofis ya yi mini illa. Na ƙi yarda in gauraya su. Na ce wanda ya riga shiga aiki shi ne a sama, kamar yadda muke jera ma'aikata. Ban lura da cewa tsofaffin nan huji ɗaya ne kawai da su ba, sababbin ne masu biyu. Da na zo kansu sai na ɗaure su da zare ɗaya, ina ganin hakan zai wadatar.

Ranar da na rataya shi bayan la'asar, iska kaɗan ta kaɗa, sai manyan ma'aikatan nawa suka shiga juyi, kowa ya fuskanci inda ya ga dama. Hajiya ta zagaya ta tsaya a bayansa.

"Malam, ina ganinka sarai, har da carbin hannunka."

Maganin a bayyane yake: a gasa ƙusa a huda tsofaffin. Na zauna gaban murhu, ƙusar ta yi ja, na ɗauko faifai na farko, wanda na fara aiki da shi ranar da aka kawo kwamfuta ofishinmu, sai hannuna ya ƙi. Na san kuma idan tururi ya buge su, takardun da ke manne za su saɓule, rubutuna ya tafi. Sai a lokacin na fahimci cewa tun da na yi ritaya ina ajiye da su ne kamar mai jiran a aiko a kira shi ofis.

'Yar autata na zaune a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura, tana kallona. Ta ce, "Baba, ka bar su kawai. Tabarma ma ta isa. Zan matsa gefe in bar wa kwalayen wuri."

Yarinya da tsohon ciki tana neman ta matsa wa kwali wuri a gidan ubanta. Na sake ɗaukar faifan nan na farko. Na dasa ƙusar, warin roba ya tashi. Bayan na farko, sauran ba su ba ni wahala ba. Na kwance asabarin gaba ɗaya, na ce ta zaɓi yadda za a jera. Ita ba ruwanta da shekaru. Ta riƙa miƙo mini su bisa launi, baƙaƙe a gefe, shuɗaye da masu ruwan toka a tsakiya, har zane ya fito wanda ban taɓa tunanin yana cikin kwalayen nan ba. Da muka rataya shi, ya tsaya cak. Hajiya ta sake zagayawa, ta daɗe, sannan ta ce, "To, yanzu kam sai muryarka."

Allah Ya sauke ta lafiya, ta samu 'ya mace. Kwanaki kaɗan da fara wanka, na fito da safe zan tafi zaure, na ga ruwan wanka yana gangarowa ta magudana da ganyen darbejiya, tare da 'yan takardu masu rubutun hannuna. Na tsaya ina kallonsu suna wucewa ta ƙarƙashin katanga. A daidai lokacin jikata ta tsala kuka daga ɗakin da kwalayen suka bari. Na binciki zuciyata ko zan sami baƙin ciki, ban samu ba.

Ranar suna, bayan an watse, abokin nan nawa na Kurmi ya matso kusa ya rage murya. "Alhaji, iyalina ta shiga barka ta dawo ta hana ni sakat. Wai asabarin nan a ina ake sayarwa?"

Na ce, "A gidan tarihi."

Abin da na koya shi ne, ajiye abu a rufe ba girmama shi ba ne. Faya-fayan nan sun fi daraja da huji a jikinsu suna suturta 'yata fiye da lokacin da suke lafiya lau a kwali, kuma ina zaton haka yake ga tsoho da iliminsa. Takardar ritayata tana ɗauke da tata rana, amma idan 'ya'yana za su rubuta ranar da na bar aiki, ina so su rubuta ranar da na huda disket na farko: Asabar ta biyu a watan Rajab, shekarar da 'yar autar tawa ta haifi 'yarta ta fari.