Amanar da Baffa Ya Bar wa Madam Talatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Alhamis 13 ga Fabrairu 2025, daidai da 14 ga Sha'aban 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Talatu, wadda duk Zongon Lome ya sani da Madam Talatu, mai kula da tarbiyyar ɗalibai a kwalejin unguwarmu. Ina tashar babura a bakin babban titi, ina jiran fasinja, sai ga Meimuna mai sayar da koko a ƙofar makaranta tana komawa gida da bokitinta a ka, cike, ba ta sayar ba. Ta tsaya a gabana ta ce, "Sabiru, Madam ta cika." Na kashe babur na zauna a kan dakali.

Mun san kina asibiti, Madam. An ce hawan jini ne, an kuma ce kin samu sauƙi, har kin aiko a tambaya ko yara sun ba kuɓewar lambun makaranta ruwa. Shi ya sa hankalinmu ya kwanta. Ashe sallama kike yi da mu.

Ni ba ɗalibinki ba ne. Karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce firamare ba, rasuwar mahaifinmu ce ta tsayar da shi, na kama haya da babur. Amma ƙanina Naziru yana hannunki, kuma ni nake yawan kai ki gida idan an tashi. Daga bakin ƙofa na san ki. Kowace safiya kina tsaye da lemarki da usur a wuya, kin san kowane yaro da sunansa da sana'ar uwarsa. Ba ki da saurin duka. Kallo kike da shi, ta saman tabarau, kuma na ga ƙatti masu gemu suna tura riga cikin wando tun daga nesa saboda kallon nan.

Ranar Laraba da yamma ba a komawa aji, yara sukan watse cikin unguwa, wasu bakin titi, wasu gidan kallon ƙwallo. Ke kika roƙi daraktan makarantar ya bar miki ƙofa a buɗe. A Larabarki aka yi lambu a bayan azuzuwa, kuma da yake ruwa yana kwanciya a filin, cikin tsofaffin tayoyi kuka shuka kuɓewa da barkono da alayyafo. Mu 'yan babura kika bi ɗaya ɗaya kina roƙon tayoyin, har muka riƙa ɓoyewa idan mun hango lemarki. A Larabarki yara suka yi wasan kwaikwayo da Hausa da Faransanci da yaren Mina a haɗe, yadda muke magana a gida. Kin kawo tsofaffi sun ba da labarin tsohon Zongo na cikin gari kafin a taso iyayenmu zuwa nan. Ni kaina kin sa ni na koya musu facin taya, kuma da 'yan mata suka ja baya suna dariya, kika naɗe hannun rigarki kika fara karɓar gam ɗin da kanki.

Sai kuma tutar Litinin. A da, wanda ya zo na ɗaya a aji shi ke ɗaga tuta idan an yi layi da safe. Kika ce masu ƙoƙari suna da sakamakonsu a takarda, amma mai halin kirki ba shi da inda ake kiran sunansa. Daga nan tuta ta koma hannun wanda aka ga ya yi abin kirki a makon. Ba malamai kawai kike tambaya ba. Kina tambayar mai gadi, kina tambayar Meimuna, domin kin ce yaro a gaban malami ɗan wasan kwaikwayo ne, a gaban mai koko ake ganin halinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk da ban saba ba, shi ne abin da kika yi wa gidanmu a watan Oktoban da ya wuce.

Naziru yana ajin da ake rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yaro ne mai ƙarfin jiki da saurin hannu, kuma a baya an sha kiran Baffa Salahu, ƙanin mahaifinmu da yake riƙe da mu, saboda faɗa. A kiran ƙarshe, da aka karya benci, Baffa ya dawo gida ya rantse da Allah a tsakar gida: idan makaranta ta sake kiransa, yaron nan ya gama karatu, shagonsa na atamfa a kasuwar Adawlato zai koma. Baffa ba mugu ba ne. Shi dai mutum ne da ba ya son a tsayar da shi a ofis kamar yaro, kuma ba ya mayar da magana. Ni kuwa ba ni da burin da ya wuce in ga ɗaya daga cikin 'ya'yan mahaifinmu ya riƙe takardar nan a hannunsa.

Ruwan Oktoba ya sauka, lungunanmu suka cika har gwiwa. Naziru ya shiga makara kusan kullum, ana sa shi shara, bai ce wa kowa komai ba. Ranar wata Juma'a ya shigo gida jiki a sanyaye ya ce, "Madam ta ce in zo da babba ranar Litinin."

Baffa ya ajiye butarsa. "Me ka yi?"

"Makara ce, Baffa."

"To, ka huta da makara. Shago ni nake buɗe shi, ni zan tashe ka."

A Zongo kowa ya san abin da kiran makaranta yake nufi. Ba a taɓa kiran uba don a ce masa an gode ba. Wasu ma sukan fara dukan yaron a gida kafin su je su ji laifin. Saboda haka babu wanda ya yi tunanin wani abu daban, har ni, har Naziru kansa. Litinin da sassafe Baffa ya tasa shi gaba zuwa Adawlato. Ni ba ni da bakin yi wa Baffa musu. Na dai tafi makaranta in ba ki haƙuri, ko za a samu wata hanya.

Na tarar an yi layi. Kina tsaye a gindin sandar tuta, kusa da ke wata mata da ɗanta, wani ƙaramin yaro ɗan ajin farko mai suna Iddi, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa. Kika kira sunan Naziru. Shiru. Kika sake kira. Sai kika hango ni a bakin ƙofa, kika yafito ni.

"Ina ƙaninka, Sabiru?"

Na gaya miki. Kika cire tabarau kika dafe goshi. Ashe a makon ne kika yanke shawarar a riƙa gayyato iyaye su ga 'ya'yansu suna ɗaga tuta, kuma Naziru ne na farko. Kin so ya zama abin mamaki, shi ya sa ba ki faɗi dalili ba. Kika ce, "Laifina ne. A Zongo aka haife ni, amma na manta a Zongo nake." Kika miƙa wa darakta usur ɗinki, kika ce mini, "Tayar da babur."

A hanya kika ba ni labari. Kin lura cewa duk ranar da Naziru ya makara, akwai shatin laka a gefen rigarsa hagu da dama, daidai ƙugu, inda ƙafafun goyo suke sauka. Kika tambayi Meimuna. Ita ta gaya miki cewa tunda ruwa ya cika, sandunan Iddi ba sa kama ƙasa, Naziru ne yake zagayawa har gidansu ya goyo shi. Kuma ba ya kawo shi ƙofa. A kwanar bayan masallaci yake sauke shi, ya bar shi ya shiga da ƙafarsa, shi kuma ya jira sai an ɗan jima, don kada yara su yi wa Iddi dariya. Jiran nan shi ne makararsa. Ina tuƙi ina jin wannan, ni da muke kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba.

Mun iske Baffa a shago, Naziru yana naɗe atamfa a ciki. Ba ki yi gaggawa ba. Kin gaishe shi, kin tambayi kasuwa, kin tambayi iyali, kin sha ruwan da aka kawo. Sannan kika ce, "Alhaji, gafara na zo nema."

Baffa ya ce, "Me ya fasa kuma?"

Kika faɗa masa komai, da murya a sake, yadda maƙwabtan shago za su ji. Wata 'yar Mina mai sayar da sarƙoƙi ta matso ta ce a fassara mata, da aka fassara ta tafa hannu ta leƙa cikin shagon tana neman yaron. Naziru ya ɓoye fuska a bayan turmin atamfa. Baffa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Malama, na ji. Amma na riga na rantse."

Kika ce, "Rantsuwa tana da kaffara, Alhaji, kai ka fi ni sani. Ciyar da miskinai goma ne. Ka sayi shinkafa, ni zan dafa."

Maƙwabta suka yi dariya, Baffa bai yi ba. Ya ce, "Na bar miki shi amana. Muddin kina makarantar nan, yana makarantar nan. Ranar da kika bar ta, ya dawo shago."

Kika ce, "Ina zan je, Alhaji?"

Laraba ta gaba yaranki suka dafa shinkafar Baffa da miyar kuɓewar lambunsu, suka kai ƙofar masallaci. Litinin ta gaba Naziru ya ɗaga tuta. Baffa bai zo ba, ya ce kasuwa, amma da daddare ya tambaye ni ko igiyar ba ta sarƙe masa ba.

Tun daga ranar ba ki sake aika yaro da kira ba. Ran Lahadi da yamma da ƙafarki kike zuwa gidan, kuma kafin a gama amsa sallama kin ɗaga murya daga zaure: "Alheri ne! Kada a taɓa shi, alheri ne!" Har mata suka sa miki suna Madam Alheri-ne. Na san gidajen da uba bai taɓa jin an yabi ɗansa ba sai daga bakinki. Na ga wani dattijo mai gyaran rediyo ya rufe rumfarsa, ya sa babbar riga ta Juma'a, don kawai 'yarsa ta tsinci wayar malami ta mayar.

An yi miki sallah bayan la'asar. Ban taɓa ganin kakin makaranta da yawa haka a jana'iza ba. Yara maza sun bi gawa har maƙabarta, 'yan mata sun tsaya a ƙofar gidanki. Iddi ya ce shi ma sai ya je, Naziru ya goya shi, wannan karon bai sauke shi a kwana ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Madam. Ana zuba ƙasa, ina kuka, amma maganar Baffa tana yi mini yawo a ka. Kin bar makarantar, jarrabawa kuma sai watan Yuni. Naziru ma ya san da haka. Ran Juma'a bai je makaranta ba, bai je shago ba, ya zauna a ɗaki yana jiran hukunci. Baffa bai ce uffan ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan addu'ar uku na ɗauko Baffa a babur za mu gida. Da cunkoso ya tsayar da mu a bakin titi, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabiru."

Na ce, "Na'am, Baffa."

"Amanar nan ita na ba wa. Da tana raye, sai in je in ce ta maido mini. Yanzu wurin wa zan je in karɓa?" Sannan ya ce, "Ka gaya wa ƙaninka ya koma. Idan ya faɗi jarrabawa, shi da ita ne ranar gobe ƙiyama."

Motoci suka riƙa yi mini ham a baya, ban iya tayar da babur ba.

Naziru ya koma makaranta, Madam. Yana karatu yadda ban taɓa ganin ya yi ba. Ban san abin da Yuni zai kawo ba, wannan na Allah ne, amma yana cikin aji.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Baffa Salahu da duk gidanmu, ga mijinki Alhaji Zulkifli, da 'ya'yanki Batul da Zahida, da darakta da malamai, da ɗaliban da suka wayi gari babu mai jiransu a ƙofa, da iyayen Zongo baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, baiwarka Talatu ta zo gare ka. Ta kasance mai neman alherin 'ya'yan mutane har inda suka ɓoye shi, ka dubi nata alherin, na fili da na ɓoye. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya. Ka raya abin da ta bari, ka kawo wa yaran nan wanda zai riƙe su da irin riƙonta. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, mu kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Amin, ya Rabbal alamina.

Sabiru, yayan Naziru
Zongo, Lome