Sai Ochi Ya Karanta Sunan Chizuru

Ƙanwata Chizuru ba ta iya faɗa ba tun tana ƙarama. Ni ce mai baki a gidanmu. In aka tsokane ta sai ta yi shiru ta wuce, bayan wata uku wanda ya tsokane ta ya tarar da takalmansa na makaranta a cikin kwata, shi kuwa ya ma manta abin da ya yi mata.

A garin Imabari muka tashi, gida na uku daga ƙofar masaƙar tawul. Babanmu can ya yi aiki har ya rasu, ni ma can na shiga sashen kalmasa bakin tawul tun ina 'yar shekara goma sha takwas. Kamfanin yana da ƙungiyar tanis ta mata, ita ce abin tinƙahonsa. Da Chizuru ta gama sakandare suka ɗauke ta. Da safe ta naɗe tawul ta kai wa manya shayi, da rana ta fita fili. Shekara uku a jere babu wadda ta iya da ita a duk yankin Shikoku.

Mai kula da ƙungiyar a lokacin shi ne Ochi, wani gajere mai ƙyallin goshi wanda bai taɓa riƙe raket ba sai in za a ɗauki hoto. Chizuru ta je ta roƙe shi izinin fita gasannin ƙasashen waje. Ya dube ta ya ce, "Ke da kamfani ya yi renonki? Har kin yi girman da za ki zaɓi inda za ki buga?" Ta ba shi haƙuri ta fito. Shi bai haƙura ba.

Tana da shekara ashirin da biyu gwiwarta ta dama ta tsage. Aka yi mata aiki, likita ya ce shekara guda za ta dawo fili. Ranar da ta koma aiki da sanduna biyu, muna tsaye a layi wurin taron safe, mu wajen ɗari uku, sai Ochi ya hau dandamali yana murmushi.

"Albishirinku," in ji shi. "Kuwahara Chizuru ta yanke shawarar ajiye raket, za ta yi aure. A tafa mata."

Aure? Da wa? Yarinyar da ko saurayi ba ta da shi! Babu wanda ya tambaye ta, babu wanda ya faɗa mata. Aka tafa kuwa, raf raf raf. Na buɗe baki zan yi magana, matar da ke gefena ta take mini ƙafa. Chizuru ta jingina da sandunanta ta ce ta gode wa kowa bisa ɗawainiyar da aka yi da ita. Ni dai ban tafa ba, kuma har gobe ina gane fuskokin waɗanda suka fi kowa tafi.

Da muka koma gida na zazzage duk zagin da na sani. Mama tana cewa in rage murya, maƙwabta 'yan kamfani ne. Chizuru tana ta ɓare lemo har na gaji.

"Yaya Tomoe," ta ce, "gasar lokacin kaka da kamfani ke ɗaukar nauyi, wa ke ba da takardar yabo?"

"Wannan ɗan banzan mana."

"Karantawa yake yi da bakinsa?"

"Daga suna har kwanan wata. Ya miƙa da hannu biyu, ya rusuna."

"To, zai karanta nawa."

Na yi dariya, don a lokacin ko banɗaki ba ta iya zuwa sai an riƙe ta.

Gasar nan ƙarama ce a idon duniya, amma 'yan wasa na zuwa daga ƙasashe da dama, kuma ƙofarta biyu ce. Ko shugaban gasa ya gayyaci mutum, ko makin da ya tara a wasu gasanni ya shigar da shi ko ana so ko ba a so. Ƙofar farko Ochi ne a bakinta. Saura ta biyu.

Filayen garin duk na kamfani ne ko na abokan kamfani. Duk inda ta je sai a ce mata, cikin ladabi, an cika. Sai ta koma tsibirin Omishima wurin kawunmu mai gonar lemo. Da sanyi ta yi tsinkar lemo, da yamma ta buga ƙwallo a bangon wata makarantar firamare da aka rufe saboda babu yara. In bazara ta yi ta ɗauki jaka ɗaya da raket uku ta tafi Tailan, Masar, Uzbekistan, ƙauyukan Ostireliya, wuraren da 'yan kallo ba su kai goma ba. Ita ke wanke kayanta, ita ke ɗaure gwiwarta. Sau da yawa a zagayen farko ake fitar da ita, ta bugo mini waya ta ce, "Yaya, an kore ni. Aiko mini miso in yi miya."

A shekara ta biyar makinta ya kusa isa, gwiwar ta sake kumbura, ta yi wata bakwai a kwance, makin ya zube. Na ce mata, "Ke, haba! Ki bar shi haka. Mutumin nan ko sunanki ya manta."

"Shi ya sa," in ji ta.

Shi kuwa Ochi sai hawa yake yi, har ya zama mataimakin shugaban kamfani. In muka haɗu a baranda ya ce, "A'a, Kuwahara babba! Ya amarya? Har yanzu ba a kai ta ba?" In sunkuyar da kai in ce tana gaishe shi. Na rantse akwai ranar da almakashi ke aljihuna, sai da na damƙe shi har ya yanke ni.

Shekara takwas cif, tana da talatin, sunanta ya fito a jerin 'yan gasa, na biyun ƙarshe. An ce Ochi ya kira alƙalan gasa ya tambaya ko akwai kuskure. Babu kuskure.

Ta ci wasa huɗu a kwana biyar. Kowace yamma in zuba ƙanƙara a bokiti ta tsoma ƙafar, gwiwar ta yi suntum, ba ta lanƙwasuwa. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi, da 'yar ƙungiyar kamfani, Shiraishi, yarinya 'yar goma sha tara mai gudu kamar an kunna ta. Ba ni da komai da yarinyar, ba ita ta yi mana ba. Amma an kwaso ma'aikata a bas huɗu, kowa da tawul mai tambarin kamfani yana kaɗawa. Ni ma an ba ni nawa, na shimfiɗa na zauna a kai.

Shiraishi ta cinye turmin farko kafin in gama zama sosai. A na biyu Chizuru ta daina bin ta da gudu. Ta riƙa yanko ƙwallo ƙasa-ƙasa, a hankali, yadda yarinyar sai ta durƙusa kafin ta ɗauka, in ta matso raga kuma ta ɗaga mata sama ta bayanta. Yarinya ta fara huci tana duban benci. Chizuru ta ci na biyu. A na uku tana ɗingishi a fili kowa na gani, likitan gasa ya zo ya ce ta haƙura, ta ce ya ƙara ɗaurewa kawai. Awa uku saura kaɗan suka yi. Ƙwallon ƙarshe Shiraishi ta buga shi a raga.

Na yi ihu ni kaɗai a tsakiyar mutanen bas huɗu. Oho!

Aka shimfiɗa jan kafet, aka kafa makirfo. Ochi ya fito da baƙar kwat, fuskarsa a murtuke. Ya buɗe takarda.

"Takardar yabo. Ta ɗaya. Kuwahara..." Ya yi gyaran murya. "Kuwahara Chizuru."

Ya karanta har ƙarshe, ya juya takardar ta fuskance ta, ya miƙa da hannu biyu ya rusuna.

Chizuru ba ta ɗaga hannu ba.

Kowa a wurin ya sani, wanda ya miƙa ba ya ɗagowa sai an karɓa. Ochi ya tsaya a duƙe, hannuwa a miƙe. Ita tana tsaye a kan ƙafa ɗaya da rabi, tana kallon tsakiyar kansa. Na fara ƙirga a zuciyata. Goma. Ashirin. Masu hoto sai ɗauka suke yi. Mama ta rufe fuska da hannu. Wajen arba'in gumi ya fara ɗiga daga hancinsa a kan kafet. Babu wanda ya yi tari.

Can ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya manta makirfo na dab da bakinsa.

"Kuwahara. Ina roƙonki."

Lasifika ta kai maganar har wurin ajiye motoci. Sai a lokacin ta sa hannu ɗaya ta zare takardar, ta juya ta sauka daga kafet.

Ranar Litinin aka mayar da ni sito, wurin ɗaga kwali, bayan shekara goma sha tara a kan keken ɗinki. Ban yi nadama ba. Ranar Alhamis na raka ta asibiti. Likita ya daɗe yana duban hoton gwiwar, sannan ya ce ba tanis ba, ko matakala sai da sanda daga yanzu, ya kuma tambaye ta me ya sa ba ta tsaya ba tun turmi na biyu.

A tashar bas na fashe da kuka. Na ce, "Shekararki talatin, Chizuru. Ƙafa guda kika ba mutumin nan, don minti ɗaya."

Ta gyara zaman sandarta a hammata, ta ɗan yi tunani.

"Minti ɗaya ne kawai?" ta ce. "Kash. Da na sani da na ƙara."