Gwiwar Kamilu da Jan Zakara

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin roba a Sharada. Sunana Hajjo, amma ma'aikata Goggo suke ce mini. Labarin Kamilu zan ba ku, kuma ku yi haƙuri in na ɗaga murya, don har yau abin yana cin raina.

Daga wani ƙauyen Jigawa ya zo. Baffansa Malam Inuwa, ƙanin mahaifinsa ciki ɗaya, shi ya samo masa aiki a injin narka roba, kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon kamfanin. Duk shekara ana gasa tsakanin kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai. Kamilu shi ke ci musu ƙwallaye. Saurayi ne marar surutu, ba sigari ba yawo, burinsa ɗaya a duniya wata babbar ƙungiya ta gan shi ta ɗauka. Ƙafar nan ita ce jarinsa.

A wasan farko na gasar bara ya juya da ƙwallo, gwiwar dama ta ce ƙas. A asibiti aka ce ba karaya ba ce, jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsage, amma ba ta tsinke ba. Aka haɗa shi da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, Lidiya, 'yar Filato. Ta ce masa, "Wata shida, Kamilu. Ba kai ba ƙwallo sai ranar da ka yi tsalle goma da ƙafa ɗaya, ka dira gwiwar ba ta karkace ba."

Wallahi ya bi doka. A bencina yake zama lokacin hutu, ya ɗaura jakar yashi a idon sawu yana ɗagawa yana ƙirgawa, gumi na zuba. In tsokane shi in ce, "Ɗan nan, shinkafar ta huce." Ya ce, "Saura biyar, Goggo." Daga sanda biyu ya koma ɗaya, daga nan ya yar da ita, ya fara hawa matakala.

Malam Inuwa kuwa ya ce asibiti daban, maganin gado daban. Ya kai shi wurin wani mai ɗori a bayan Dakata. Mutumin yana da tasa al'ada: yakan karya ƙafar zakara ya ɗaure ta rana ɗaya da ta majinyaci, ranar da zakaran ya ruga da gudu, to mai shi ma ya warke. A kan wannan Kamilu ya taso a ƙauyensu, ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Aka yi wa wani jan zakara haka. Da yake su Kamilu su huɗu ne a ɗakin haya, baffan ya tafi da zakaran gidansa.

Ana wata na uku ƙungiyar ta lallaɓa ta kai wasan ƙarshe da 'yan Challawa. A satin Malam Inuwa ya tsaya a rumfata ya ce, "Hajjo, in kin shiga kasuwa ki samo mini jan zakara ƙato mai baƙar jela. Baƙi zan yi." Ni kuma uwar son a yaba, na zagaye kasuwa har na samo. Zankonsa ma a tsage yake gefe guda, sai da na sa aka rage mini saboda haka.

Kwana biyu sai ga Kamilu da fara'a, wai zai buga. Lidiya har waya ta yi masa tana roƙo, ta ce tsalle huɗu kawai yake iya yi. Bai ji ba. Ya shiga fili, ya ci ƙwallo ɗaya, kafin a tafi hutun rabin lokaci gwiwar ta tafi gaba ɗaya, har da ƙashi. Ƙungiyarsu ce ta ɗauki kofi. Shi aka ɗauke shi a Keke Napep yana ihu.

Bayan an yi masa aiki na je duba shi. Ya ce, "Goggo, ni ne ba ni da sa'a. Zakaran fa ya warke sarai, kin ga ma abin da Baffa ya turo mini." Ya miƙo waya. Ga jan zakara yana tsere a tsakar gida, zanko a tsage gefe guda.

Innalillahi! Zakarana ne. Da hannuna na ɗauko shi.

Washegari na tare Malam Inuwa a bakin get, gaban kowa. Na ce, "Malam, ina zakaran farko?" Ko kunya babu ya ce, "Wancan ai ya ƙi takawa, lokaci kuma ya ƙure. Na ga yaron yana tafiya lafiya, tsoro ne kawai ya rage masa, na cire masa." Na ce, "Ɗan wanku fa! Allah ya isa, har ni kuka sa a ciki." Ya ce ƙaddara ce, ya wuce.

Na faɗa wa Kamilu komai, ban rage ba. Hawaye suka bi kuncinsa. Abin da ya ce kawai, "Baffana ne, Goggo. Wa zan kai wa ƙara?"

Gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Yanzu a zaune yake aiki, yana tsince robar da ta lalace. Kullum da safe in baffan ya shigo sai Kamilu ya dafa bango ya miƙe ya gaishe shi a tsaye, tunda durƙuso ya gagara. Da sallar nan mahaifinsa ya kira shi daga ƙauye yana faɗa. Wai Malam Inuwa ya kai ƙara gida: yaro ya zo birni ya yi girman kai, ya daina durƙusa masa.