Guɗar da Fitsari Ya Ƙwace Mini Ta Dawo

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar dalilin da ya sa na daina guɗa a biki, ga amsarku yau.

Guɗa gado na yi. Zamanin Jihar Arewa, in Innarmu ta rangaɗa ta a Fakku, har gona ake ji. Bayan haihuwarta ta bakwai ta bari, mutane suka ce iskoki ne suka kama mata murya. Ina yarinya nakan ga tsummokara shanye a bayan rumbu, ban taɓa tambaya ba.

Sai da abin ya zo kaina.

In na yi tari, atishawa ko dariya, fitsari ya zubo. Guɗa kuwa ba a magana. A wani biki a Tambuwal na ja numfashi na saki murya, sai na ji ɗumi yana bin ƙafata. Da mayafi na rufe zanena na sulale gida.

Na rage shan ruwa. Alwala ba ta zama. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Ɗiyata Hadiza ce ta ritsa ni, saura wata biyar bikin 'yarta.

"Inna, wa za ya yi ma ɗiyata guɗa in ba ke ba? Mi kika ɓoyo?"

Na faɗa mata, ina kallon ƙasa.

A asibiti a Sakkwato likita ta sa na sha ruwa mara ta cika, ta ce in yi tari. Na yi, ya zubo a gabanta. Ko gezau ba ta yi ba.

"Hajiya, wannan ba yoyon fitsari na ɓulewar mara ba ne. Haihuwa ce ta sassauta naman da ke riƙe mafitsara."

Wata biyu ina atisayen matse gaba, bai wadatar ba. Aka sa ranar aiki. Tumaki biyu muka sayar.

Na ji tsoro, wallahi. Aka yi mini allurar baya, idona biyu, aka ɗaura wani siririn ƙyalle ƙarƙashin hanyar fitsari ya tallafe ta, kamar majanyi. Ban gama tasbihina ba aka ce an gama.

Washegari aka cire robar fitsari.

Likita ta ce, "Yi tari."

Na yi. Na ƙara da ƙarfi. A bushe! Ikon Allah, ɗan ƙyallen da bai kai faɗin yatsa ba.

Mako shida ba daka, ba ɗaukar tulu.

Alhamdulillahi. Likitata da Hadiza, Allah ya saka musu da alheri. 'Yan'uwana mata, ku daina fama da tsumma, ku je asibiti ku faɗi abin da sunansa. Ba kowa ce ma sai an yi wa aiki ba.

Ranar kai amarya Kebbe na tsaya a bakin ƙofa na rangaɗa guɗa sau uku. Wata tsohuwa 'yar Fakku ta riƙe hannuna.

"Wagga muryar Innarku ta! Ashe iskokin sun sake ta?"

Na tuna Innarmu, kuka ya ci ƙarfina. Ba iskoki ba ne, Inna. Yanzu na san na mene ne tsummokaran bayan rumbu.