Baba Issaka da Tsutsar Kabeji

Issaka ya zo Kumasi daga wajen Dosso tun gemu bai san hanyar haɓarsa ba. Ya yi dako a kasuwar Kejetia har wuyansa ya nutse cikin kafaɗu. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya samu ɗan fili a bakin rafin Aboabo ya dasa kabeji. Bai taɓa faɗa da kowa ba sai tsutsa, koriyar nan mai laɓewa a bayan ganye. Ita kuwa tsutsar Aboabo, in ta samu kabeji da hantsi, kafin azahar ya koma rariya.

Kullum ya sallame asuba, yakan biya murhun Humu mai koko ya kwashi toka. Tun raɓa ba ta bushe ba yake juya ganye ɗaya-ɗaya, ya tsince tsutsa cikin gwangwanin madara, ya murƙushe ƙwanta da farce, sannan ya barbaɗa tokar ta ƙasa. Kajin Humu sukan jeru a bayansa kamar ya zama limaminsu, suna jiran tsutsar gwangwanin.

'Yarsa ɗaya, Safiatu, matar wani tela Badagomba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Inna yake ce mata. Safiatu tana iya tarar maciji da muciya, amma in ta ga tsutsa sai gudu har unguwar Asawase.

Ƙarshen 1969 aka yi shelar duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Issaka ba shi da ita. Kabeji kuwa ya fara dunƙulewa ke nan. Bai yi zancen ɗaki ko kaya ba.

“Inna, wa zai juya mini ganye?”

“Baba, ka sa ni komai ban da wannan.”

“Ba ni da komai ban da wannan.”

Washegari ta zo, ta tsaya daga nesa tana watsa toka daga kwano a kan ganye.

“Kin shafa wa kabeji hoda,” in ji shi. “Su suna ƙasa suna karin kumallo.”

Ta ajiye kwanon ta tafi tana share ido. Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar tafiya, a tashar Race Course, an ɗaure kaya, mutane sun cika mota, Issaka yana tsaye yana duban hanya. Can sai ga Safiatu, zanenta jiƙe da raɓa, ta riƙo gwangwanin nesa da jikinta, yatsunta sun yi kore. Ta miƙa masa. Ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba.

“Ƙwan fa?”

“Na murƙushe, Baba. Da farce.”

Ya mayar mata da gwangwanin a hannu, ya rufe da nasa.

“Kai wa kajin Humu. Ba su karya ba.”

Sannan ya taka ya hau.