Baƙin Mai a Rijiyar Iya

Ɗis, ɗis, ɗis. Abin da na fara ji ke nan da hantsin wata Alhamis, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare. Bazara ce, ina sharar tsakar gidanmu na Mabai, sai na zaci randar Inna ce ta tsage. Na bi ƙarar har gindin darbejiyar da ke kusa da rijiya. Ashe wani ƙaton ƙarfe ne baƙi ƙirin aka rataye da sarƙa a reshen da muke ɗaura lilo, wayoyi na reto a jikinsa kamar hanjin ragon layya. Daga gindinsa baƙin mai ke ɗiga, kuma ba ko'ina yake ɗiga ba sai cikin tasar da Inna ke dama mana fura. Na toshe hanci da bakin kallabina. Wari ne da ban taɓa jin irinsa ba, na ƙonannen abu mai maiƙo.

Injin mota ne. Babanmu manomi ne, amma tun yana saurayi zuciyarsa na wajen ƙarafa. Ya gaji da jiran amalanke lokacin kaka, masara na kwana a gona ɓeraye na ɗiba. Sai ya sa wani mai walda a Funtuwa ya ƙera masa gangar mota, ƙarafa huɗu da katakai da benci a gaba, ba inji, ba ƙafa. Sauran kayan kuma ya samo su daga wata tsohuwar Fijo da ta yi karo a hanyar Faskari, ta shekara a yashe cikin ciyawa. Da shanun huɗa aka jawo ta har ƙofar gida. Ranar da aka ɓalle kujerunta, abin da ya fito daga ciki ba na son tunawa: ruɓaɓɓen soso, kashin ɓera, da wata matacciyar gafiya da ta bushe ta manne da ƙarfe. Yaran unguwa suna ta dariya suna tsokanar gafiyar da kara, ni kuwa na koma bayan rumbu na amayar da kokon safe.

Baba da abokinsa Malam Ɗanjuma bakanike suka duƙufa. Injin Fijo bai san gangar Funtuwa ba, ita ma ba ta san shi ba. In suka sauke shi da sarƙa, sai ramukan noti su ƙi haɗuwa, a sake ɗagawa, a kai ƙarfe maƙera a lanƙwaso. Farfela, sandar nan da ke kai ƙarfin inji ƙafafun baya, ta yi tsawo, aka yanke ta aka liƙe. Lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, da waya aka ɗaure shi. Sandar giya ta ɓullo ta tsakiyar benci, dole aka huda katako. Kullum in na dawo makaranta sai in tarar da tsakar gida kamar mahauta, nan giya a buɗe, can birki a warwatse bisa tabarmar da muke cin tuwo. Kaji suka koma baƙaƙe a ƙafa. Wurin da muke 'yar gala-gala da carafke ya zama santsi. Hatta tuwon dare, in ka kai loma baki, sai ka ji kamar an shafa masa giris. Inna ta wanke tasarta da toka har hannunta ya yi ja, daga baya ta haƙura ta bar musu ita.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi damun mutanen gida shi ne inda suke wanke ƙarafan. A bakin rijiya suke yi, don ruwa na kusa.

Rijiyar nan kakanmu ne ya haƙa wa matarsa ita kafin ya rasu, shi ya sa ake ce mata rijiyar Iya, wato kakarmu, mahaifiyar Baba. Duk unguwar ita suke sha. Ruwanta garai-garai, mai sanyi, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Matan maƙwabta kan shigo da tuluna da safe, a yi hira, a ari guga, a bar wa Iya goro. Iya idonta ya yi rauni, amma in ka kawo mata ruwan wata rijiya a moɗa, kurɓa ɗaya za ta yi ta miƙo maka abinka.

Su Baba suna wanke noti da kalanzir da fetur, in ruwan wankin ya yi baƙi sai a juye shi a wani rami da Baba ya haƙa 'yan taku kaɗan daga rijiyar. Baƙin man injin ma can aka tuttule shi, da na giya, da duk wani tsumma mai maiƙo. Iya ta ji warin daga ƙofar ɗakinta, ta kira shi ta yi masa magana. Har yau ina jin amsarsa, cikin ladabi ya faɗe ta, yana durƙushe: "Iya, ƙasar da ake taimama da ita, mi zai ɓata ta? Duk abin da aka ba ta tana cinyewa." Haka kowa ya ɗauka a lokacin. Jinin layya a rami muke binnewa, mabiyiyar haihuwa ma haka, ba a taɓa jin ƙasa ta mayar ba. Iya ta ce, "Ta san jini, ta san taki. Wannan ba ta san shi ba."

Ranar da motar ta tashi, gaskiya har ni na yi tsalle. Ta yi tari, ta fesa hayaƙi, awaki suka tsinke igiya. Baba ya zauna bisa benci riƙe da sitiyari, haƙoransa kaɗai ke fari. Mutanen gari suka raɗa mata suna Ƙwarangwal, yara suka bi ta da gudu har bakin kasuwa. A makaranta kowa na son zama kusa da ni, wai ɗiyar mai mota.

Sai damina ta sauka. Bayan ruwa na biyu ko na uku, da yamma lis na je cika butar Iya. Da na jawo guga, sai na ga wani abu na yawo a saman ruwan, shuɗi da ja da kore kamar bakan gizo. Ya ba ni sha'awa, har na sa yatsa. Sai na kai hanci. Warin nan ne na gindin darbejiya. Na kai wa Iya a moɗa. Ba ta ko kurɓa ba, ta shinshina ta ajiye. A makarantar allo an koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita ba a alwala da shi, amma ban taɓa zaton zan ga haka a gidanmu ba. Randuna duk daga rijiyar aka cika su, na maƙwabta ma haka, ga magariba na kurewa. Ina kallo Iya ta lallaba jikin bangon ɗakinta, can nesa da ramin Baba, ta buga tafukanta ta shafa fuska. Tsohuwa na taimama, ga rijiyar mijinta cike da ruwa a gabanta. Baba na tsaye a ƙofar zaure yana kallonta.

An yi iya yi. Aka kira masu yasar rijiya suka kwashe ruwan tas, aka zuba gawayi da alif. Baba da kansa ya tone ramin, ƙasar ta fito baƙa, tana naso, da matattun tana a ciki. Amma duk lokacin da ruwa ya sake tsattsafowa, da warinsa yake zuwa. Matan unguwa suka daina shigowa. Ba wadda ta yi mana gori, sai dai in mun haɗu a hanyar rafi da asubar fari, kowa da tulu a ka, gaisuwar ta gajarce. Na sha bulalar latti a makaranta saboda wannan tafiya. Daga ƙarshe Ƙwarangwal, da aka haɗa don ɗauko masara, aikinta ya koma ɗauko mana ruwa a durom, shi ma yana ɗan warin ƙarfe.

Iya ba ta sake shan ruwa da marmari ba. Takan ce na rafi ba ya kashe mata ƙishi. Da rani ta rasu, kuma da ruwan durom aka yi mata wanka. Bayan sadakar bakwai Baba ya ɗauki shebur shi kaɗai ya fara cike rijiyar, ya hana kowa taya shi. Allah Ya jiƙansu duka, shi ma ya bi ta tuntuni, kuma ban taɓa jin ya sake ambaton ƙasa da abin da take ci ba.

Yanzu ina aure a Sabuwa, ruwa sai na 'yan garuwa, ban san rijiyar da suka ɗebo ba, ba kuma wanda ke tambaya. Har gobe in na wuce garejin bakanike sai na ja mayafi na rufe hanci. Bara, da 'yan bindiga suka ɗan lafa a hanya, na je Mabai da ƙaramar ɗiyata Hauwa'u. Ƙwarangwal na nan bayan rumbu, kabewa ta yaɗu a kanta, kaji na ƙwai ƙarƙashin benci. Inda rijiya take sai ɗan tudu da ciyawa. Na tsaya a wurin na daɗe, bakina na motsi. Abin da ke shayar da mutum ba ya ƙara, sai an rasa shi ake jin shirunsa.

Hauwa'u ta ja gefen zanena, ta yi ƙasa da murya. "Umma, wa aka rufe a nan? Faɗa mini sunanshi, ni ma in yi mashi addu'a."