Tsohuwar Tabarmar Melenaite

Kafin ƙararrawar coci ta farko ta kaɗa, Melenaite ta riga ta isa bakin teku. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana wannan sammako. Takan ɗaga duwatsun da ta danne ganyen saƙarta da su a cikin ruwan gishiri, ta duba ko ya yi farin da take so. In bai yi ba ta mayar, ta ja tsaki, ta ce ganyen bana ya ɗauko halin samarin bana, ba ya son wanka. Daga nan ta biya ta watsa wa kajinta tsakin kwakwa, ta wuce rumfar mata da ke bayan ɗakin taro, ta tanƙwashe ƙafa ta kama saƙa har rana ta take. Rabin ta'ovala da ke ƙauyenmu, wato tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu bisa zane in za mu tsaya gaban jama'a, daga yatsunta suka fito.

Amma ba don saƙa nake mata wannan jinjina ba. Masaƙa suna da yawa a tsibirin Vava'u, wasu ma sun fi ta sauri. Aikin da nake nufi ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya taɓa biyanta. Duk ranar taro, ko biki, ko makoki, za ka same ta a benci kusa da ƙofa da nannaɗen igiyar kwakwa a cinya. Duk wanda zai yi jawabi sai ya bi ta gabanta, ta ƙare masa kallo daga wuya zuwa idon sawu. In ta ɗaga gira, ka wuce. In ta miƙo hannu, to tsaya kawai, ko kai wane ne.

Mutane da yawa sun ga ranar da sabon fasto ya zo daga babban birni da tabarmarsa ta zame ƙarƙashin tumbi. Ta tambaye shi ko wa'azi ya zo yi ko kamun kifi za shi, ta kwance ta sake ɗaurewa, shi kuwa yana tsaye da hannuwa sama kamar ɗan yaye. Shugabar makarantarmu ma ta sha ba da labarin ranar da za ta fara magana a taron gari kan tankin ruwa, tana tsoron tsayawa gaban jama'a. Melenaite ta aika gidanta aka ɗauko tabarmar da ta gada daga mahaifiyarta, ta ɗaura mata tamau, ta ce igiyar za ta riƙe cikin, muryar kuma ta riƙe kanta. Ranar aka amince da tankin.

Nawa labarin kuwa ba wanda ya san shi, don shekara goma sha biyu ba ta faɗa wa ko kajinta ba. Yau ni zan tona kaina.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka tafi da ni birnin Auckland, can ƙetare, ban dawo ba sai da gemuna ya fara furfura, ranar da aka bugo waya cewa gwaggona Ilaisane ta rasu. Babana, Maika, ƙanenta ne, kuma shi ya kamata ya yi jawabin godiya bayan an rufe ta. To ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, sai ido. Nauyin ya faɗo kaina. Ga kuma babbar 'yar marigayiya, Kalolaine, wadda kwana uku ina gaishe ta tana kallon bango. An ce ta ce gidan Maika ya mutu tun yana raye, tunda ɗansa guda ya zama Bature. Na san jawabin nan shi zai nuna ko gidan ubana yana da magaji a garin nan ko babu.

Sai na shirya da gaske, irin shirin marar sani. Kafin na taso na nemi ta'ovala da ta fi kowace kyau, fara sol, mai laushi kamar alhariri, da ado a baki. A zuciyata gwaggo ta cancanci mafi kyau. Na rubuta jawabi shafi huɗu a cikin jirgi, na haddace rabinsa. Da hantsi, bayan an dawo daga maƙabarta jama'a sun zauna a fili, na sa baƙaƙen kaya, na ɗaura farar tabarmata, na kalli madubi har na ɗan burge kaina. Na fito ta bayan gida, ban kai kwanar fili ba wani hannu mai kaushi ya cafke wuyan hannuna. Melenaite ce.

"Lisiate, auren wa za ka?"

Na ce mata jawabin godiya zan yi.

"Wa ya mutu?"

"Gwaggona mana."

"To kai ne a samanta, ko ita ce a samanka?"

Abin da kowane yaro a garin ya sani shi na manta. 'Yar'uwar uba ita ce kan dangi, 'ya'yan ƙanenta kuwa a ƙarƙashinta suke, tana raye ko ta mutu. Ranar makokinta tsohuwar tabarma suke ɗaurawa, babba, yagaggiya, wadda ta rufe su tun daga ƙirji, don kowa ya ga sun ƙasƙantar da kai. Wanda ya fito da fara mai ado ya faɗa wa duniya cewa ya fi wadda ke kabari. Da na taka filin nan haka, a gaban Kalolaine, a gaban ubana da ba shi da bakin ba da haƙuri, da na gama rufe gidanmu da hannuna.

Kunya ce ta sa na yi taurin kai. Na ce a kan cinyata na riƙo ta tun daga Auckland don kada ta lanƙwashe. Ta ce to in mayar da ita a kan cinyata. Ta ja ni madafinta, ta ture tukwane, ta yaye tabarmar da ke shimfiɗe a ƙasa. Wallahi ba zan manta tabarmar nan ba. Baƙi ƙirin da hayaƙi, da ƙunar garwashi a gefe, bakinta duk ya zare, tana warin kifi. Ta nannaɗe ni da ita har hammata, ta zagaya igiya ta ja sai da numfashina ya tsaya. Sai na tuna takardata tana aljihun riga, ƙarƙashin ɗaurin. Na ce ta ɗan sassauta in zaro.

"Bar ta ta huta," in ji ta. "Tabarmar ta faɗi rabin maganar. Kai je ka ƙarasa."

Na fita ina tafiya da ƙyar, tana soke ni ta ko'ina. Na tsaya kaina a sunkuye. Shafi huɗu suka gudu, abin da ya rage bai fi jimla goma ba, cikin harshen da ya yi tsatsa a bakina. Na gode wa waɗanda suka haƙa kabari, da waɗanda suka kawo doya, na ce gwaggo ce ta raɗa mini suna kuma ban zo na gaishe ta ba har ta tafi, na ce a yafe mini. Da na juya zan zauna sai na ji an riƙe ni. Babana ne, daga kujerarsa, ya damƙe zararren bakin tabarmar da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki, hawaye suna bin karkataccen bakinsa.

Kalolaine ta daɗe tana kallon tabarmar. Sannan ta kalle ni a karon farko.

"Ɗan Maika, me kake yi a nan? Je ka duba ramin gashi, doya tana ƙonewa."

Ba a aiken baƙo ramin gashi. Wurin 'ya'yan kawu ne, wurinmu ne. Na tafi ina kuka cikin hayaƙi, ba wanda ya gane. Bayan shekara guda na tattaro kayana na dawo gida gaba ɗaya, yanzu ni ke koyar da lissafi a makarantar garin.

Melenaite, ke ce kika san cewa mai jawabi yana fara magana tun kafin ya buɗe baki. Ke ce mai gyara mutum a bayan gida don kada ya ji kunya a fili. Mai hannun kaushi, mai rufin asiri. Ke ba danginmu ba ce, da kin kawar da kai ba wanda zai zarge ki.

Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, yatsunta sun kanannaɗe, ranar Lahadin da ta wuce ta miƙa nannaɗen igiyarta ga matan rumfa ta ce ta gama. Abin da ke ba ni haushi shi ne bencin nan zai iya zama wofi. Yau in mutum ya fito da shigar da ba daidai ba, sai ka ga an zaro waya ana ɗaukar hoto ana ƙunshe dariya. Haba jama'a! 'Ya'yanmu suna ta dawowa daga ƙetare da kyakkyawar niyya da rashin sani, kamar yadda na dawo. Wanda ya san daidai ya tashi ya kama hannu. Wannan ce godiyar da za ta fi jin daɗinta, ni kuwa tawa da ta gidan Maika ba za ta ƙare ba.

Jiya na je gaishe ta. Ta laluba ƙuguna, ta ce ɗaurin ya karkace, ta gyara. Na ce mata har yau tabarmar madafinta tana wurina, a naɗe a saman akwati, ko in dawo mata da ita? Ta yi dariya har da tari.

"Kana tsammani mantawa na yi? Ajiye ta. Ranar da za a rufe ni kai za ka yi godiya, kuma ba na son in ga ka fito kamar ango."

Na ce to. Na dawo gida na sauko da ita na shanya, don ta fara warin sanyi.